Dubban yunƙurin shiga sabata nake gani, yaya zan ɗana musu tarko?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya yi hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke zaune a intanet tana hidima ga wasu, mai tsarin aiki na Ubuntu don ɗora shafinsa, bayan kwana biyu ya leƙa kundin da na'urar ke rubuta abin da ya faru, sai ya tarar da dubban layuka na mutanen da ke gwada shiga da kalmar sirrin da ba daidai ba, daga adireshin ƙasashen da bai san kowa a cikinsu ba. Yana son sanin wa ke farautarsa, yadda zai ɗana tarko ya kama su, da yadda zai riƙa sa musu ido.

Malam, ka kwantar da hankalinka tukuna. Cikin masu ƙwanƙwasa maka ƙofar nan, da wuya a sami wanda ya san sunanka ko ya san me ka ajiye a sabar. Galibinsu ma ba mutane ba ne, manhajoji ne da aka sake su suna zagaya intanet dare da rana, suna bin adireshi ɗaya bayan ɗaya. Adireshin tsarin IPv4, wato lambobin da ake gane na'urori da su a intanet, duka-duka kusan biliyan 4.3 ne, kuma tun 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka fitar da manhajar ZMap wadda ke iya lalube su gaba ɗaya cikin ƙasa da awa guda idan akwai layi mai ƙarfi. Don haka sabar da aka kunna da safe, kafin azahar an riga an san tana nan, an kuma san ƙofarta mai lamba 22, wato ta SSH, hanyar da ake shiga saba daga nesa a ba ta umarni, a buɗe take.

Yana da kyau ka fahimci abin da suke yi, domin daga nan ne za ka san inda ya kamata ka sa ƙarfinka. Mutane na ɗauka cewa maharin yana gwada duk wani haɗin haruffa ne daga farko har ƙarshe. Lissafi bai yarda da haka ba. Kalmar sirri mai ƙananan haruffa takwas kawai tana da haɗi kusan biliyan 209. Ko da ana gwada goma a kowace daƙiƙa ba hutu, sai an haura shekara 600 kafin a ƙare. Babu mai wannan haƙurin. Abin da suke riƙe da shi jerin kalmomi ne da aka san mutane na amfani da su. A 2009 an sace kalmomin sirri kusan miliyan 32 daga kamfanin RockYou, a rubuce tsirara ba a ɓoye su ba, kuma har yau wannan jerin na yawo a hannun masu kutse. Mirai, cutar da ta kama kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet a 2016 har ta durƙusar da kamfanin Dyn, mai fassara sunayen shafuka zuwa adireshinsu, a watan Oktoba na shekarar, da sunaye da kalmomin sirri kusan sittin kacal ta yi ɓarnarta, irin waɗanda masana'anta ke sa wa na'ura mai ita bai canza ba. Kirdado suke yi, amma kirdadon wanda ya san halin mutane.

To ga abin da nake so ka riƙe kafin mu zo kan tarko. Dubban layukan nan da suka tayar maka da hankali duk shaidar gazawa ce, kowane ɗaya yana cewa an gwada ba a samu ba. Layin da zai cuce ka guda ɗaya ne, wanda ya fara da kalmar Accepted alhali ba kai ka shiga ba. Na ga mutane da yawa sun ɓata makonni suna zana taswirar ƙasashen da hari ke fitowa, suna ƙirga adireshi, amma ba su da abin da zai sanar da su ranar da aka shiga da gaske. Wannan yana damuna ƙwarai, domin aikin da ya fi muhimmanci shi ne mafi sauƙi, kuma shi ake tsallakewa.

Fara da rufe ƙofar. Ka ƙirƙiri mabuɗin SSH a kwamfutarka da umarnin ssh-keygen -t ed25519, ka sa masa tasa kalmar sirrin, ka ɗora ɓangaren da ake bayarwa a kan sabar (mabuɗin ɓangare biyu ne, na sirri yana zama a wurinka), ka tabbatar kana iya shiga da shi. Sannan ka buɗe /etc/ssh/sshd_config ka mayar da PasswordAuthentication zuwa no, haka ma KbdInteractiveAuthentication, ka hana root, asusun da ke da cikakken iko, shiga kai tsaye, ka yi amfani da AllowUsers ka ambaci sunayen da aka yarda su shigo kaɗai. Daga wannan lokacin, mai gwada kalmar sirri ko ya canki taka daidai ba zai shiga ba, don sabar ta daina karɓar kalmar sirri kwata-kwata. Akwai wani rami a nan da ya sha kayar da mutane: a sabobin haya, sau da yawa za ka tarar da wani fayil a cikin /etc/ssh/sshd_config.d/ wanda tsarin girkawa ya ajiye, yana cewa a karɓi kalmar sirri. SSH kuwa ƙa'idar da ya fara karantawa ita yake bi, kuma waɗancan fayilolin ake fara karantawa. Sai mutum ya gyara babban fayil, ya tafi da tunanin ya rufe, alhali ƙofa na nan yadda take. Ka buga sshd -T ka duba abin da ke aiki a zahiri. Kuma kada ka rufe tagar da kake ciki sai ka buɗe wata sabuwa ka ga ka shiga lafiya.

Wasu za su ce maka ka sauya ƙofar daga 22 zuwa wata lamba. Ba laifi. Ba tsaro ba ne, don mai neman ka da gaske zai gano sabuwar cikin mintuna, amma yana rage hayaniya sosai, kuma kundin da babu hayaniya ya fi daɗin karantawa.

Bayan nan sai korar masu naci. Manhajar da aka fi sani ita ce Fail2ban, wadda Cyril Jaquier ya fara a 2004. Aikinta ba shi da wuyar ganewa: tana karanta kundin, idan ta ga adireshi ɗaya ya gaza sau da yawa cikin ɗan lokaci, sai ta umarci katangar tsaron sabar ta toshe shi. Yadda take zuwa, gazawa biyar cikin minti goma na jawo korar minti goma. Ka yi gyare-gyarenka a fayil ɗin jail.local, kada ka taɓa jail.conf, don sabuntawa na iya goge abin da ka rubuta. Ni nakan kunna bantime.increment domin wanda ya dawo bayan an sake shi korarsa ta riƙa tsawo, ko in kunna sashen recidive wanda ke korar mai maimaita laifi na mako guda. Ka sa adireshinka a ignoreip, jerin waɗanda ba a kora, idan tsayayye ne. Idan wata rana ka girka Debian 12, ka sani ba ta zuwa da kundin shiga na /var/log/auth.log sai ka girka rsyslog, manhajar da ke rubuta shi, don haka sai ka gaya wa Fail2ban ta karanta daga kundin systemd, manhajar da ke tafiyar da ayyukan na'urar, in ba haka ba za ta ƙi tashi. OpenSSH ma, wato manhajar SSH ɗin kanta, daga fitowa ta 9.8 a 2024, yana da nasa horon mai suna PerSourcePenalties wanda ke jinkirta adireshin da ya cika gazawa ba tare da wata manhaja ba.

Amma ka san iyakar wannan dabara. Fail2ban adireshi take ƙirgawa, masu harin kuma sun daɗe da gane haka. Tun wajen 2008 Peter Hansteen, wani masanin tsarin OpenBSD ɗan ƙasar Nowe, ya rubuta yadda ya lura da wani hari mai tafiyar hawainiya: ɗaruruwan na'urori, kowace ta gwada sau ɗaya ta yi shiru na tsawon lokaci, wata ta karɓa daga inda ta tsaya, har sunayen da suke gwadawa na bin jerin haruffa kamar hannu ɗaya ke jan su. Babu adireshin da zai kai gazawa biyar cikin minti goma. Akwai kuma salon da ake ɗaukar kalmar sirri ɗaya a gwada ta a kan asusu masu yawa, maimakon kalmomi masu yawa a kan asusu ɗaya. Da irin wannan aka shiga Microsoft kanta: a Janairun 2024 kamfanin ya bayyana cewa wata ƙungiya mai alaƙa da Rasha ta samu shiga ta wani tsohon asusun gwaji da ba a sa masa tantancewa mai mataki biyu ba, daga nan ta kai ga wasiƙun manyan jami'ansa. Asusun da aka manta da shi ne ya buɗe musu hanya. Shi ya sa nake cewa kora tana rage ƙura ne kawai, mabuɗi ne ke rufe ƙofa.

Kora tana iya faɗawa kan marar laifi ma. Kamfanonin waya kan haɗa dubban mutane a bayan adireshi ɗaya, ka kori ɗaya ka kori duka. Idan kuma shafinka na bayan wani mai shiga tsakani irin Cloudflare, kundin shafin zai riƙa nuna adireshin mai shiga tsakanin ne sai ka saita shi ya karanta na ainihi, in ba haka ba wata rana za ka toshe hanyar da duk baƙinka ke bi. Masu amfani da Docker, manhajar da ke killace kowane aiki a wani keɓaɓɓen wuri da ake kira kwantena, su ma su lura: zirga-zirgar da ke zuwa kwantena ba ta bi ta sarƙar INPUT, wato jerin dokokin katangar tsaro, inda Fail2ban ta saba sa shingenta, sai kundin ya nuna an kori adireshi alhali yana ci gaba da shigowa. A sarƙar DOCKER-USER ake sa dokar.

Yanzu tarkon da ka tambaya. Dabarar tsohuwa ce. A 1986 Clifford Stoll, wani masanin taurari da ke kula da kwamfutoci a ɗakin binciken Lawrence Berkeley a Amurka, ya bi sawun giɓin santi 75 a lissafin kuɗin amfani da na'ura, ya gano akwai baƙo a ciki. Don ya riƙe shi a kan layi har a gano inda yake, sai ya ƙirƙiri takardun bogi masu kama da na aikin soja ya ajiye masa. Mutumin ya zauna yana kwasa, aka bi layin har Hanoba a Jamus, aka kama Markus Hess. Duk tarkon da ake ɗanawa a yau jikan wannan ne: ka ajiye abin da babu mai gaskiyar da zai taɓa, duk wanda ya taɓa ka san ba mai gaskiya ba ne.

Na SSH da na fi yarda da shi shi ne Cowrie, wanda Michel Oosterhof ke kula da shi, ya kuma samo asali daga wani tsohon tarko mai suna Kippo. Cowrie yana kwaikwayon saba ta gaske. Kai za ka zaɓi sunaye da kalmomin sirrin da zai karɓa, idan maharin ya canka sai ya ga kamar ya shiga, ga manyan fayiloli, ga umarni na amsawa, amma duk hoto ne, babu abin da yake taɓawa na gaske. Yana rubuta kowace kalmar sirri da aka gwada, kowane umarni da aka buga, yana adana duk fayil ɗin da aka yi ƙoƙarin saukewa, har kana iya sake kunna zaman ka kalli yadda aka yi rubutun harafi bayan harafi. A ƙofa ta 2222 yake saurare, sai ka karkatar da zirga-zirgar 22 zuwa can, ka mayar da SSH ɗinka na gaske wata ƙofar.

Mako guda da shi zai koya maka abin da karatu bai koya maka ba. Za ka ga sunayen da ake nema: root, admin, ubuntu, test, oracle, postgres, da pi na masu ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Za ka ga abin da ake yi da zarar an shiga, kusan kullum iri ɗaya: a duba irin na'urar da yawan ƙwaƙwalwarta da uname da /proc/cpuinfo, a sauko da wani fayil da wget ko curl, a cusa sabon mabuɗi a authorized_keys, fayil ɗin mabuɗan da aka yarda su shiga, don a iya dawowa ko ka canza kalmar sirri, sannan a tayar da manhajar haƙar kuɗin kirifto ko a mayar da na'urar sojan da zai je ya ƙwanƙwasa ƙofar wasu. Wasu ko umarni ba sa bugawa, so suke kawai su bi ta cikin sabarka su aika saƙonnin banza da adireshinka. Duk wannan cikin daƙiƙu kaɗan, abin da ke nuna maka babu ɗan'adam a zaune a wancan gefen.

Sai dai ina roƙonka, kada ka ɗora tarkon a kan sabar da shafinka yake. Ka yi hayar wata ƙarama daban, wadda babu komai naka a ciki, babu mabuɗin da ke buɗe wata na'urarka, ba ta kuma cikin hanyar sadarwa ɗaya da sauran. Cowrie manhaja ce, kowace manhaja kuma na iya samun ɓaraka, ga shi kai da kanka kake gayyatar masu ɓarna su zo su yi wasa da ita. Ka tafiyar da shi da asusun da ba shi da iko, ka taƙaita abin da zai iya fita daga na'urar domin kada a yi amfani da ita a cuci wani. Fayilolin da ya tara cututtuka ne na gaske, kada ka sauke su a kwamfutarka ka buɗe don ganin ƙwaf. Wani abin kuma da ba a cika faɗa ba: idan hannunka ya saba da ƙofa ta 22, wata rana za ka buga kalmar sirrinka ta gaske a cikin tarkon, ta zauna a rubuce a kundinsa. Saboda wannan dalilin ne ma ban yarda da masu gyara SSH na gaske don ya riƙa rubuta kalmomin da aka gwada ba. Kuskuren harafi ɗaya na ma'aikacinka zai bar kusan dukan kalmarsa a fili.

Akwai wani nau'in tarko da ba ya kama komai, riƙewa kawai yake yi. Endlessh, wanda Chris Wellons ya fitar a 2019, ya dogara da wata dama a ƙa'idar SSH: saba na iya aiko da wasu layuka kafin ta gabatar da kanta. Shi kuwa sai ya riƙa aiko da layin shirme guda duk bayan daƙiƙa goma, ba ya taɓa kaiwa ga gabatarwar, manhajar maharin ta yi ta jira. Dabara ce mai kyau kuma ba ta cin komai, amma manhajojin da aka rubuta da hankali suna yanke jira su wuce, kuma ba ya ƙara wa sabarka tsaro ko kaɗan. Idan kuma so kake abin da ka tara ya amfani wasu, cibiyar Internet Storm Center ta SANS, wata cibiyar koyar da tsaron kwamfuta, tana da tarkon DShield da ake ɗorawa ko a kan Raspberry Pi, yana aika musu bayanan a haɗa da na sauran masu sa kai. CrowdSec ma a kan wannan tunanin aka gina ta, adireshin da ya yi ɓarna a wurin wani a toshe shi a wurinka tun bai iso ba.

Game da kamawa, gara in gaya maka gaskiya: ba za ka kama kowa ba. Adireshin da kake gani na waɗanda aka riga aka cuta ne, kyamarar wani shago, sabar wata makaranta, na'urar intanet ta gidan wani da bai san abin da ake yi da ita ba. Kada ka kuskura ka ce za ka rama ta hanyar kutsawa cikinsu. Laifi ne a dokokin yawancin ƙasashe, kuma wanda za ka buga ba shi ya buge ka ba. Abin da za ka iya shi ne ka nemo adireshin ƙorafi na kamfanin da ke da layin ta umarnin whois ka aika musu da layukan kundin da lokacinsu, ko ka kai rahoto AbuseIPDB, shafin da ake tara adireshin masu ɓarna.

Sa idon da ke da amfani kuwa ya fi wannan duka sauƙi. Ka sa sabar ta aiko maka da saƙo duk lokacin da aka shiga da nasara, da sunan asusun da adireshin da aka fito. Da pam_exec, wanda ke tayar da umarni a lokacin shiga, da ɗan gajeren rubutu ake yin sa, bai kai aikin rabin awa ba. Idan ku biyu ne ko uku ke shiga, saƙonnin ba za su dame ka ba, kuma ranar da baƙon saƙo ya zo za ka gane nan take. Layin Accepted publickey yana nuna tambarin mabuɗin da aka yi amfani da shi, don haka ka san tambarin naka. Ka riƙa tura kundin zuwa wata na'ura daban yayin da ake rubuta shi, da rsyslog ko Wazuh, domin abu na farko da mai kutse mai wayo ke yi bayan ya sami iko shi ne share sawunsa, kundin da ke kan na'urar da aka ci kuwa ba abin yarda ba ne. Agogon sabobinka su daidaita da NTP, tsarin saita agogo ta intanet, in ba haka ba ranar bincike ba za ka iya jera abin da ya riga wani ba.

A cikin gazawar ma akwai wadda ta cancanci kallo. Wanda ke gwada root da admin iska ce ke kaɗa shi. Amma idan ka ga ana gwada ainihin sunanka, ko sunan abokin aikinka, ko sunan da kuka raɗa wa wani aiki na cikin gida, to wannan ya yi bincike a kanku, sai a tashi tsaye. Kana iya ɗana ƙaramin tarko a kan wannan ba tare da girka komai ba: ka ƙirƙiri wani sunan asusu da babu shi a ko'ina, ka rubuta shi da kalmar sirrin bogi a cikin wani fayil da ke ajiye a wurin da bai kamata baƙo ya kai ba, ka sa ƙararrawa a kan sunan. Ranar da ya bayyana a kundin, ka san an karanta fayil ɗin. A ganina wannan ɗan tarkon ya fi Cowrie amfani ga mai saba ɗaya, don Cowrie labarin duniya yake ba ka, wannan kuwa labarin gidanka. Idan kana da sabar Windows, ma'anar ɗaya ce: lamba 4625 a kundin tsaro gazawa ce, 4624 nasara, kuma ƙofar RDP ta 3389, wadda ake shiga Windows daga nesa da ita, bai kamata ta fuskanci intanet kai tsaye ba, a sa ta bayan VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro da naka kaɗai ke bi.

Tunda sabarka ta yi kwanaki tana karɓar kalmar sirri, kafin ka yi komai cikin abin da na lissafa, je ka nemi kalmar Accepted a /var/log/auth.log da tsofaffin kwafinsa, ka buga last ka ga waɗanda suka shiga, ka buɗe authorized_keys na kowane asusu har da root, ka duba crontab, jerin ayyukan da na'ura ke yi da kanta a kan lokaci, ko akwai aikin da ba kai ka sa ba. Idan duk shigar taka ce, sai ka rufe ƙofar ka ci gaba. Idan ka ga wadda ba ka gane ba, kada ka tsaya goge-goge da fatan ka tsabtace ta, don ba za ka taɓa tabbatar da abin da aka binne a ciki ba. Ka ɗauki cikakken kwafin faifan don bincike, ka gina sabuwar saba daga tushe, ka dawo da bayananka daga ajiyar da ta riga ranar kutsen, sannan ka canza duk wata kalmar sirri da mabuɗi da suka taɓa zama a kan tsohuwar, har da na rumbun bayanai da na imel ɗin da shafin ke aikawa da shi.